Na Ce Gatari a Wasa Shida

Juma'a, 20 ga Afrilu

Na je gidan rediyo da safe. Lucien mai gabatar da shirin ya sake ajiye min kujerar nan mai gurguwar ƙafa. Na gaya masa ranar da ta kayar da ni, da makirfo a buɗe zan zage shi, duk Fort Delorme su ji.

Ya yi gabatarwar da ya saba: ga Rhoda Kivela, uwar hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, wadda bakinta ba ya faɗuwa ƙasa. Sannan ya ce, "To Rhoda, ƙungiyarmu Gatari da ta Hankaki, wa zai riga cin wasa huɗu cikin bakwai?" Na ce Gatari, a wasa shida. Golan Hankaki yaro ne, yana saurin durƙusawa, 'yan bayanmu kuma sun fi nasu nauyi. Shi ke nan dalilina. Mutanen garin nan sun ɗauka duba nake yi. Ido ne kawai. Na tsufa ina tuƙa motar 'yan makaranta da safe, da yamma ina daskarewa a benci ina kallon yara a kan ƙanƙara, dole in san wani abu.

Ban ambaci Arvo ba. Ba na kiran sunan ɗana a rediyo, Lucien ya sani, ba ya tambaya.

Mijina Walt ya daina aske gemu tun Litinin, wai ba zai taɓa shi ba sai an fitar da mu. Sai ka ce shi zai buga. Na ce masa tsoho, naka gemun tsoro kawai yake ba jikoki.

Lahadi, 22 ga Afrilu, da safe

Mun ci jiya, 3 da 1. Filin ya cika har bakin ƙofa.

Ana dab da tashi wani ƙato mai lamba huɗu ya haɗa Arvo da katanga ta baya. Kansa ne ya fara isa. Na ji ƙarar daga inda nake zaune. Ya tashi, amma sai da ya dogara sanda, kuma ya tsaya yana kallon ƙanƙara kamar ya yar da makulli. Aka shiga da shi ciki. Jim kaɗan ya dawo, fili ya ɗauki ihu, har da ni a masu tafi.

Koci ya gaya wa 'yan jarida "ɗan rauni ne a sashen sama na jiki." Haka ake faɗa in ana neman kofi. Daga cibiya zuwa gashin kai duk sashen sama ne.

Lahadi, da yamma

Sun zo cin abinci, Arvo da matarsa Colette. Na yi miyar wake da gasasshen naman barewa, abin da tun yana yaro ba ya barin ko romo. Ya shigo da baƙin tabarau bai cire ba. Ya ce a rage fitila. Loma biyu ya yi, ya ce zai duba motarsa. Ta tagar kicin na hango shi a bayan rumbun itace, ya dafa gwiwa yana amai a kan ragowar dusar ƙanƙara.

Colette ta biyo ni wajen wanke-wanke. Na ce ai likita ya gwada shi jiya, ko? Ta ce ya gwada, ya kuma ci. Sai ta buɗe famfo sosai don kada a ji, ta gaya min.

Duk shekara kafin a fara kakar wasa likitan ƙungiya yana zaunar da su gaban kwamfuta, a auna tunaninsu da saurin idonsu, a ajiye makin. In mutum ya bugu a ka sai a sake auna shi. In ya kai makinsa na da, lafiyarsa ƙalau, ya koma fili. To ashe tun Satumba Arvo ya lalata nasa gwajin da gangan. Ya riƙa jinkiri, yana amsa ba daidai ba, don ko an fasa masa kai wata rana ya iya kai wannan makin. Ta ce rabin manyan 'yan wasan haka suke yi, su suke koya wa ƙanana.

"Rhoda, jiya ya tambaye ni ina muke ajiye cokula. A gidansa."

Bayan sun tafi na gaya wa Walt. Dariya ya yi! Wai yaron nan da wayo. "A zamaninmu yatsu ake ɗaga maka, nawa ne nan? Ka ce uku, a ce ka kusa, shiga." Na bar masa kwanonin na haye sama.

Talata, 24 ga Afrilu

Sun ci mu jiya, ɗaya da ɗaya ke nan. Arvo ya buga daga farko har ƙarshe. Sau biyu faifan da suke bugawa a madadin ƙwallo ya wuce ta gefen hagunsa bai ko juya ba. Ba wanda ya lura sai ni, ina jin.

Na je gidansu da rana kafin su hau mota zuwa garin Hankaki. Yana ɗakin ƙasa, labule a sake, kwance da tsumma a goshi. Na zauna a bakin kujera na ce Arvo, na sani.

Bai musa ba. Ya ce, "Colette da baki." Sannan ya ce, "Mama, shekarata talatin da uku. Baɗi ba mai ɗaukata, ke ma kin sani. Ban taɓa ɗaga komai ba sai jakar kaya. Bana ne kawai."

Na ce kai fa? Wanda za ka zauna da shi sauran rayuwarka?

"In maganar nan ta fita, Hankaki ba faifai za su bi ba, kaina za su bi. Kin fi kowa sanin wannan."

Na sani. Abin haushin ke nan, gaskiya ya faɗa. Don haka ake ɓoye rauni, ba don wauta kawai ba.

Na ce to in je wurin likita a asirce. Ya cire tsumman ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya kasa buɗuwa sosai.

"In kika kai ni ƙara, kin gama da ni. Ni ma na gama da ke. Ba wasa nake ba, Mama."

Bai taɓa yi min magana haka ba. Na gyara masa bargo na fito.

Alhamis, 26 ga Afrilu

Mun ci a garin Hankaki. Biyu da ɗaya. Walt ya yi ta tsalle gaban talabijin har ya zubar da gahawa a kan kare. Ni lissafi kawai nake: in muka wuce, wata karawar bakwai na jira, bayanta wata.

Hanya ɗaya ce za ta dawo min da Arvo gida ba tare da na buɗe baki ba. A fitar da mu.

Juma'a, 27 ga Afrilu

Na canza hasashe.

Lucien ya fara da murna, wai ga shi maganar Rhoda tana tafiya daidai. Na ce a'a, na sake dubawa. Hankaki ne, a wasa shida. Za su ci uku a jere.

Ya ce, "Rhoda, mu ne a gaba fa." Na ce na iya ƙirga. Ya ce mene ne dalili? Na shirya ƙarya tun a mota, wai 'yan gabanmu sun gaji, wai golansu ya farka. Na karanto ta kamar yarinya a aji.

Waya ta yi ta ƙara. Wani ya ce tsufa ne ya kama ni. Wata ta ce, "Ke da ɗanki yake ciki? Kunya dai ba ta kashe ki ba." Wani dattijo, na gane muryarsa, tare muke zuwa coci, ya roƙe ni in janye, don bakina yana kamawa.

Ban taɓa yarda bakina yana kama komai ba. Yau ina addu'a ya kama.

Asabar, 28 ga Afrilu

Sun ci mu 4 da 0. Biyu da biyu.

Allah ya yafe min, na ji daɗi.

A kanti Bernice ta miƙo min canji ba ta ce uffan ba, ita da muka yi shekaru muna sayar da gahawa tare a wasannin yara. Da na fito na tarar an rubuta MAYYA da yatsa a dattin bayan motata. Rubutun ma mai kyau, ina jin na taɓa kai mai shi makaranta.

Arvo bai kira ba. Colette ta ce da aka gaya masa a ɗakin sa kaya murmushi ya yi, ya ce uwarsa tana zuga su ne. Ta ce ba ya barci. In ya yi, ya farka da fushi, ya manta dalili.

Lahadi, 29 ga Afrilu

Wasan rana ne, a gida. Na yi duk abin da na san ba a yi.

Rigar ƙungiya da nake sawa, wadda ba a wankewa sai an gama neman kofi, na jefa ta injin wanki da safe. Walt ya tsaya a ƙofa baki buɗe kamar na yanka kare. Na shiga ta ƙofar gabas maimakon ta yamma. Na musanya kujera da shi, bai so ba.

Aka shiga kashi na uku muna da uku, su ba ko ɗaya. Kowa ya san ba a faɗa. Ko yaron goye a garin nan ya san in gola bai sha ko ɗaya ba, ba a furtawa sai an busa tashi. Na miƙe tsaye na ce da ƙarfi, "Kai, yau ba a ci golanmu ko ɗaya ba!"

Layi uku suka juyo. Wani ya ce, "Ki rufe mana baki, tsohuwar banza!" Walt ya ja hularsa ya rufe fuska.

Suka ci ɗaya. Suka ƙara. Na riƙe ƙarfen gabana ina cewa saura ɗaya, saura ɗaya, ni Rhoda, a filin da na koya wa ɗana tsayuwa a kan takalmin ƙanƙara. Aka tashi 3 da 2. Namu.

Mu uku, su biyu. Maitar tawa ma rabi ce.

Litinin, 30 ga Afrilu

Walt bai yi min magana ba yini guda. Da yamma ya ce, "Kin san abin da kike yi wa yaron nan?" Na ce kai ka san abin da ake yi masa? Ya tafi hura wutar sauna, ɗakin suracenmu, ya daɗe bai dawo ba.

Laraba, 2 ga Mayu

Sun ci jiya a ƙarin lokaci. Uku da uku. Gobe na bakwai, a nan.

Ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. A kashi na biyu Arvo ya gama zagayensa, ya nufi benci, ya ɗaga ƙafa zai tsallaka. Bencin Hankaki. Sai da ɗaya daga cikinsu ya tura shi da safar hannu yana nuna masa wancan gefen. Masu sharhi a talabijin suka fashe da dariya, suka maimaita hoton, wai Kivela yana neman sabon aiki. Walt bai yi dariya ba. Na lura.

Da rana na je filin. Na sami likitan ƙungiya a ɗan ofishinsa yana cin burodi da kifin gwangwani. Yaron kirki ne a fuska. Na gaya masa duka, har gwajin Satumba.

Ya ajiye burodin. Ya ce, "Madam Kivela, abin da ke gabana shi ne ya ci gwaji. Na tambaye shi, ya ce ba ciwon kai, ba jiri. Ni ba zan iya buɗe kansa in leƙa ba."

Na ce ka ga inda ya nufa jiya?

Ya dubi ƙofa. "Wannan maganar ta Satumba, ban ji ta ba. Kin gane? In na ji ta, ba shi kaɗai ba ne, rabin 'yan wasan ne. Ki bari a wuce gobe, na yi miki alkawari zan sa ido."

Sa ido. Ni ma ai ido nake sawa, me ya hana?

Abu ɗaya ya yi min, ya ce ba zai gaya wa Arvo na zo ba. Har godiya na yi masa. Tir.

Alhamis, 3 ga Mayu

Ƙanƙarar tafki ta fashe yau, ana jin ƙararta har cikin gida. Colette ta ce ba za ta je ba, ba za ta iya kallo ba. Ni zan je. Wani ya kamata ya kalle shi, ba faifan ba.

Juma'a, 4 ga Mayu, da asuba

Mun ci. 2 da 1.

Arvo ne ya ci ta biyun. Ɗan baya, wanda duk kakar nan sau biyu ya ga raga. Ya narka daga nesa, faifan ya ratsa ƙafafu ya shige. Suka yi masa rubdugu, suna dukan hular kwanonsa da murna, ɗaya bayan ɗaya, a kan nan dai. Ina ihu ku bari, ku bari, ba mai jina. Walt yana kuka, gemu duk majina.

Aka yi layin gaisawa. Mai lamba huɗu ya rungume shi ya raɗa masa wani abu.

Mun jira a lungun da iyalai suke tsayawa. Ya fito gashi a jiƙe, ya rungume ni, na ji ƙamshin sabulunsa. Ya ce, "Mama, kin zo." Sai ya sunkuyo kusa da kunnena, a hankali, don kada ubansa ya ji.

"Mun ci, ko? Kowa sai dukan bayana yake."

Na ce kun ci. Kai ka ci ta ƙarshe.

"Ni?" Ya yi dariya irin ta yara. "Da kyau?"

Na ce da kyau sosai.

Kafin mu kai mota ya sake tambayata.

Zagaye na gaba Lahadi za a fara. Lucien ya turo saƙo, wai in zo in janye maganata a gaban jama'a, ya ma sayo min kek.

Juma'a, da rana

Na faɗa.

Ya gama tsokanarsa, na bar shi. Masu waya suka yi tasu. Sannan ya ce to, zagaye na biyu, wa kike gani? Na ce ban san wanda zai ci ba, ban kuma damu ba. Na ce sunan ɗana Arvo Kivela. Ƙwaƙwalwarsa ta girgiza tun wasan farko. Yana amai, ba ya jure haske, bai san shi ya ci ƙwallon jiya ba. Ya ci gwajin likita ne don ya lalata na farkon da gangan. Na ce duk mai ji a hukumar gasar ya ji, duk mai ji a ƙungiyar da za mu kara da ita shi ma ya ji, yanzu ba wanda zai sa shi a fili ya ce bai sani ba.

Ban ambaci sauran yaran ba. Ban ambaci likita ba. Nawa kawai na sani.

Lucien ya sa talla. Ya cire abin kunnensa ya ce, "Rhoda, me kika yi?" Na ɗauki jakata.

Walt yana cikin mota a waje, rediyo a kunne. Ban san ya biyo ni ba. Muka koma gida. Da muka shiga ya zare wayar bango daga soket.

Asabar, 5 ga Mayu

Hukuma ta turo nata likitan daga birni. An cire Arvo daga wasa. Har ƙarshen kaka, in ji sanarwa. Za a sake gwada kowa da kowa, an riga an cire wasu biyu.

An fasa mana akwatin wasiƙa. Walt ya gyara, bai nuna min ba, na gani ta taga.

Na kira Arvo. Wayar ta yi ta ƙara.

Litinin, 7 ga Mayu

Ban je coci jiya ba. Na kira, ba a ɗauka ba. Na kai miya na ajiye a bakin ƙofarsu, motarsa tana nan, labule a sake.

Laraba, 9 ga Mayu

Na kwashe ganyen bara daga lambu. Ƙasa ta fara laushi, wataƙila in sa dankali da wuri bana. Ina jin an yi wasa jiya, na ji Walt ya kunna talabijin ƙasa-ƙasa a ɗaki. Sai yanzu da nake rubutu na tuna ban tambaye shi yadda aka tashi ba.

Colette ta zo da rana ta dawo da tukunya. Ba ta shigo ba, a mota ta tsaya. Ta rame. Ta ce likitan birni ya ce da Arvo ya ƙara shan irin wancan bugun ko sau ɗaya, da wata maganar ake yi yanzu. Ya ce zai samu sauƙi, a hankali, amma ba zai yi alkawarin duka zai dawo ba.

Na ce yana cin abinci? Ta ce ya sha miyar. Bai san tawa ba ce.

Na ce ya ce wani abu a kaina?

Ta daɗe tana kallon sitiyari. Ta ce yakan farka da safe ya fara haɗa jakarsa zai tafi atisaye. Sai ta zaunar da shi ta gaya masa an cire shi. Sai ya ce wa ya faɗa? Ta gaya masa ranar Asabar. Ta gaya masa ranar Litinin. Yau ma ta gaya masa. Kowane karo sai ya ce, "Mama? Mamata?" ya kifa kai yana kuka kamar yanzu ya fara ji.

"Rhoda, na gaji. In ya sake tambaya, in ce likita ne ya gano? Ba zai sani ba."

Na so in ce eh. Har na buɗe baki.

Na ce a'a, ki gaya masa ni ce. Ranar da ya farka yana jin haushina tun kafin ya tambaya, ki kira ni, a ranar zan san ya fara warkewa.